Ƙofar da Barau Ya Yi Saboda Ilu

Ranar Laraba ce, ana zafi, ba iska.

Maƙwabcina Barau ya aiko in zo. Na tarar da shi a falo da faifan katako huɗu jingine da bango. Wai ƙofa zai yi mai naɗewa, ta raba falon biyu. Ban tambayi dalili ba, duk unguwa an sani. Akwai wani Ilu da ba ya sallama a gidan Barau sai an buɗe kwano. Wanda ya gan ka kana ci kuwa dole ka ce masa bismilla, shi kuma Ilu bai taɓa cewa alhamdulillahi ya wuce ba. Dabarar Barau ita ce, da ya ji sallama ya ja ƙofa, Ilu ya zauna a wannan ɓangare, kwano a wancan.

Na ce, "Kira kafinta."

Ya ce, "Kafintan ɗan ƙanwar Ilu ne. Kafin ya buga ƙusa ɗaya labari ya kai."

Muka tafi wurin 'yan gwangwan neman ƙarafa. Barau ya tsinci hinjis, ƙarfen nan da ƙyaure ke juyawa a kansa, ba biyu da suka yi kama. Wani na taga ne, wani na tsohon firji. Ya haɗa da tayoyin akwatin tafiya. Mai kayan ya dubi tarkacen ya ce, "Baba, ƙofa za a yi ko amalanke?"

Barau ya ce, "Kai dai zuba a leda."

Mai kayan ya kawo wani dogon ƙarfe, ya ce a sama ake kafa shi, shi ke riƙe ƙofar ta bi layi. Barau ya ce ƙofarsa ba makauniya ba ce da za a yi mata jagora. Muka baro shi can.

A gida ni ke riƙe katako, shi ke bugu. Sau biyu guduma ta sami yatsansa, ya ce laifin riƙona ne. Hinjis ɗin duk ya jera su a fuska ɗaya, wai don baƙo ya ga katako sumul. Matarsa Tasalla ta leƙo ta ce, "Malam, ta gidan yayata na ga ɗaya ciki ɗaya waje ake sa su."

Ya ce, "Yayarki ce ta yi ƙofar?"

Ta koma kicin.

Ya ɗaure gefe guda a bango, ya canza zuwa sabuwar babbar riga, ya ce yau zai ci abinci kamar mai gida. Tasalla ta kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, da kan rago a kwano daban. Mun wanke hannu ke nan sai muka ji, "Salamu alaikum!"

Barau ya yi tsalle kamar yaro, ya kama bakin ƙofa ya fizgo. Ƙofa ba ta miƙe ba. Ta lanƙwaso, faifai na bin faifai, ta zagaye shi kamar ana naɗe tabarma. Taya ɗaya ta faɗa ramin siminti ta cije. Hinjin firji ya kama masa gefen riga. Ga Barau tsaye cikin akwati, hularsa kawai ake gani. Ga kan rago a waje.

Ilu ya shigo, ya dube ni, ya dubi kwano. Hannuna na ciki. Ni ba a haife ni da rowa ba. Na ce, "Bismilla."

Ya zauna ya naɗe hannun riga. "Ina mai gidan?"

Daga cikin katako aka ce, "Ilu, ture wannan abin!"

"A'a, Barau, kai ne a ciki? Halwa ka shiga? To ba na katse wa mutum ibada."

"Rigata ta maƙale!"

"Kada ka motsa, sabuwa ce. Bari mu gama, hannuna duk miya."

Sai da ya fasa kan ragon ya shanye ƙwaƙwalwa, ya suɗe yatsu, ya yi wa Tasalla addu'a mai tsawo. Sannan muka ɗaga tayar. Barau ya fito jiƙe da gumi.

Washegari da safe ya kwance ƙofar, ya fito da katakon zuwa ƙofar gida yana jifa da su ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune a dakali. Sai ga Ilu.

Barau ya ce, "Ka zo ganin abin da ka jawo?"

Ilu ya ce, "Haba Barau, mai da ita. Tun da nake cin abinci a gidan nan, jiya ne kaɗai na ci ba mai bin lomata da ido."