Kyaftin da Barcin Dolfin a Sahun Gaba

A unguwarmu a Gusau akwai wani dattijo, Malam Haladu, amma kowa Kyaftin yake ce masa. Shekara goma sha bakwai ya yi a jirgin ruwan masu kamun kifi a Legas. Bai taɓa cewa shi ke tuƙa jirgin ba, bai kuma taɓa hana a kira shi Kyaftin ba. Sai da wani ɗan'uwansa ya zo biki muka ji ashe kuku ne, duk shekarun nan albasa yake yankawa a kan teku. Ba mu canza masa suna ba, don ya riga ya bi shi.

Abu biyu ya dawo da su daga teku: ciwon gwiwa da labarin dolfin. Ciwon gwiwar shi kaɗai yake fama da abinsa, dolfin kuwa unguwa gaba ɗaya muka sha shi. In ka kuskura ka ce "kifin nan", sai ransa ya ɓaci kamar ka zagi mahaifinsa. Zai zaunar da kai ya ce ba kifi ba ne, dabba ce irin akuya da saniya. Macen haihuwa take yi, ta shayar da nono. Iska yake shaƙa ta wata ƙofa a tsakar kansa, in ya daɗe bai leƙo sama ba, ruwa ya cinye shi kamar yadda zai cinye ni da kai. Wai jaririn ta wutsiya yake fitowa, uwar ta tura shi sama ya ja numfashin farko. Wai dolfin yana sakin wani sauti a cikin ruwa, sautin ya daki kifi ya dawo masa, ya san inda kifin yake ko da ruwan ya yi baƙi ƙirin. Wai kowanne da irin fitonsa, shi ne sunansa a wajen 'yan'uwansa. Har Kyaftin ya taɓa gwada raba wa 'ya'yansa fito, kowa da nasa, matarsa Kulu ta ce ba a gidanta za a riƙa kiran iskokai da rana tsaka ba, in fito yake so ya koma tekun.

Ni dai gaskiya na gaji da dabbar nan. Ban taɓa ganinta ba ko a mafarki, amma na san halinta fiye da halin surukina.

To, Kyaftin yana da buri guda a duniya, ya zama na'ibin limamin masallacin unguwa. Tun da tsohon na'ibi ya koma Kaduna gurbin yake a buɗe, mutum biyu kuma suka sa masa ido: Kyaftin da Malam Tanimu tela. Suna gaisawa da fara'a, amma kowa ya san ba sa ga maciji.

Ran nan mura ta kama Liman, murya ta dushe. Da aka idar da Azahar ya juyo ya ce, da ƙyar ake jinsa, "La'asar yau Malam Haladu zai ja mu." A masallacinmu kuwa wanda Liman ya fara turawa gaba, shi ne na'ibi, ba sai an yi wani taro ba. Fuskar Tanimu ta yi kamar ya ɗinka wa mutum wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.

Kyaftin ya tafi gida ya narki dambu, ya kora da fura kwano guda, ya zumbula babbar rigar da yake zuwa Idi da ita, ya yi alwala, ya dawo tun saura awa guda. Ya zauna a sahun gaba, ya jingina da ginshiƙi, ya ɗauko carbi. Lokacin bazara ne, babu wuta, fanka ko motsi. Famfon masallaci kwana uku bai ɗiga ba, butoci duk sun bushe, mai son ruwa sai ya je rijiyar bayan kasuwa. Da gwiwar Kyaftin, zuwa da dawowa ya isa a yi La'asar a watse.

Dambu da fura da zafi suka haɗu a kansa. Da farko gyangyaɗi ne na mutunci. Can sai hula ta karkace, baki ya buɗe, munshari ya fara tashi kamar injin niƙa. Carbin ya sulale daga hannunsa ya faɗi a tabarma. Baba Nomau ladan, tsohon da kan yi wuni bai ce uffan ba in ba kiran salla ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya kira salla da iya ƙarfinsa. Kyaftin ko gezau.

Masallaci ya cika, 'yan kasuwa na ta duba agogo. Liman ya ce, "Malam Haladu, bismilla." Sai munshari. Ya sake. Ya kuma sakewa. Sai Tanimu ya matsa, ya tsinci carbin da yatsa biyu, ya ɗaga shi yadda har na sahun baya zai gani, sannan ya taɓa kafaɗar Kyaftin.

Kyaftin ya zabura, ya gyara hula, ya miƙe zai shige gaba.

Tanimu ya ce, "Sannu da hutawa, Kyaftin. Ai sai a je rijiya. Barcin da abu zai faɗi daga hannunka ba ka sani ba, mai nauyi ne, alwala ta tafi. Ko ba haka ba, Allah gafarta Malam?"

Liman ya gyaɗa kai. Tanimu har ya fara gyara wuyan rigarsa.

Na dubi Kyaftin, wallahi sai ya ba ni tausayi. Shekara nawa yana jiran wannan rana, ga ta za ta kuɓuce masa saboda kwanon fura. Na zaci zai sunkuyar da kai ya fita. Ashe ban gama sanin mutumin ba.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ba irin barcin da kuka sani ba ne. Barcin dolfin ne."

Wani daga baya ya ce, "Yau ma?"

Kyaftin bai kula shi ba. Ya ce, "Shi dolfin ba ya barci gaba ɗaya, in ya yi, ya nutse. Rabin ƙwaƙwalwarsa ke barci, rabi na farke yana gadi, in wannan ya huta su yi canji. Shekara goma sha bakwai ina kallonsu, har jikina ya ɗauka. Rabina kaɗai ya kwanta, rabin nan idonsa biyu, duk abin da ake yi yana ji."

Liman ya ce, "To carbin fa?"

"Yana hannun ɓangaren da ya kwanta."

"Sau uku na kira ka."

"Ta wane gefe kuka kira, Allah gafarta Malam?"

"Ta dama."

"To ai shi ne. Daman ce ke hutawa."

Tanimu ya ce, "Munsharin kuma wane ɓangare ya yi? Har shagona ana ji."

Kyaftin ya ce, "Kai da ba ka taɓa ganin ruwan da ya fi na kwata ba, ina za ka sani? In dolfin ya taso ya fesar da iska, daga nesa ake jin ƙararsa. Numfashi ne."

Tanimu ya ce, "Kai da bakinka ka gaya mana yana barin ido ɗaya a buɗe. Naka duka biyun a rufe suke."

"Ladabi ne. A masallaci zan zauna ina ƙyafta wa mutane ido ɗaya?"

Liman mutum ne mai gudun zaluntar wani, ga shi bai taɓa karanta hukuncin rabin barci ba. Ya shafa gemu, ya dubi Tanimu, ya dubi Kyaftin. Da Kyaftin ya ga haka sai ya ɗaga ƙafa ya ɗora a kan dardumar Liman, ya juyo ya ce, "Baba Nomau, a tayar da iƙama. Ai rabina na nan da alwalarsa."

Baba Nomau ya sunkuya a hankali, ya ɗauko buta, ya girgiza ta ya tabbatar babu ko ɗigo, ya miƙa masa da hannu biyu.

Ya ce, "Mun yarda, Kyaftin. Rabin da ke farken ya taimaka ya raka ɗan'uwansa rijiya."