Rabonmu Yana Bayan Rigata

Jama'a, jiya na fita da farar riga, na dawo da shuɗin baya. Jikata na je ɗaukowa a makarantarsu ta bayan kasuwa, ƙafa ta gaji, na jingina da bango. Bangon da tun da nake ban taɓa ganin an shafa masa ko farar ƙasa ba, ina zan san jiya ce ranarsa?

Ina ɓamɓare kaina sai na ji murya daga saman tsani: "Ayya, sannu Baba! Ɗanye ne."

Na ɗaga kai. Malamin ajin jikata ne, buroshi a hannu, fenti har gira. Shi ya zauna da yarinyar nan har ta iya karatu. Yanzu ita ke duba mini kwalin magani, ta hana ni shan na dare da safe.

Na ce, "Malam, yau a sama ake darasin?"

Ya yi dariyar yaƙe. Wai tallafin makarantun marasa galihu ne ya sauko, ɗan kwangila na neman masu fenti, kuma yana sallamar mutum kafin rana ta faɗi. Albashi kuwa, tun jikata ba ta yi giɓi ba ake cewa yana hanya, ga shi har haƙoran sun fito.

"To ajin fa?"

"Na bar wa mai wayon cikinsu sanda."

Na leƙa. Mai wayon jikata ce. Kwanon rufi a yaye, yara a ƙasa, allo ya koɗe har alli ba ya kama shi. Na ce ya ɗan shafa wa allon mana. Ya ce baƙin fenti ba ya cikin kwangila, kuma bangon da ke kallon titi kaɗai aka ce.

A nan na sara wa Masu Girma. Ban yi karatu mai nisa ba, amma na zauna da dillalan tsofaffin motoci, na ga yadda ake wa mushe kwalliya. Sai dai ko su ban taɓa ganin sun ciro injin sun ba shi buroshi ba.

Maƙwabcina mai faci ya ce ba ni da godiya. "Ranka-ya-daɗe Mai Baƙin Gilashi zai wuce ta nan. Mota tana shiga aji ne? Abin da ba a hangowa daga kujerar baya ai babu shi."

Da aka tashi, malam ya ce ɗan kwangilar na da wasu makarantun, zai bi shi. Jikata ta ja hannuna: "Kaka, ka ce masa ya sauko mana, ba mu gama lissafin rabawa ba."

Na faɗa masa. Ya dube ta, sannan ya tsoma buroshi.

"Ni ma akwai masu jirana a gida, Baba."

Yau da safe na hango shi a bayan motar ɗan kwangila, rungume da tsani.

Ina shiga gida na tarar uwargidana ta ɗauko kananzir za ta cire fentin. Na ce kul, ajiye mini rigata. Rabawar da jikata ba ta gama koyo ba, manya sun gama ta tun daga sama, kuma iya abin da ya iso gidan nan ke nan. Wa ya taɓa wanke rabonsa?