Man Shanu a Gogen Surukina

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na rufe wa goge baki a gaban mutanen Bungudu ba. Lokacin ina amarya, a shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau. Daga Bilbis aka kawo ni Tsafe, gidan masu goge, ni da ban san komai a kiɗa ba sai rawa. Abin da na sani shi ne ƙwarya. Innata Bafulatana ce, a wurinta kuwa macen da ƙwaryarta ba ta sheƙi ba ta cika mace ba.

Surukina, wanda duk gida ke kira Baba, yana da wani tsohon goge da ya gada wurin kakansa. Ba ya fita da shi sai babban biki. Kullum yana rataye cikin jakar fata, nesa da ƙasa saboda gara, in an yi sanyi ko ruwa sai ya fito da shi ya sha hantsi don fatar ta ɗame. Sai ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa ƙwaryar da farce nan da can, yana gyaɗa kai. Yakan ce kowace ƙwarya da muryarta, mai kauri daban, marar kauri daban, wannan kuwa bai taɓa jin mai amonta ba. (Ni dai ƙwas-ƙwas kawai nake ji.)

Ana gobe za mu biki Bungudu, ya shanya shi a tsakar gida ya fita kasuwa. Na leƙa, na ga abu baƙi ƙirin. Tsagiyar, wato gashin wutsiyar dokin da ake gogawa, ta daskare da ƙaro, fatar guzan da ke bakin ƙwaryar ta bushe ƙamas. Na ce a raina, gida cike da mata, amma a bar dattijo ya shiga mutane da wannan ƙazanta? Yau za su san an kawo 'yar gidan tsabta. Na kankare ƙaron tas, na dirje ƙwaryar, na ɗauko man shanun da Inna ta ba ni, na shafe fata da tsagiya har da bakan da ake goga ta da shi. Ban yi rowa ba. Na mayar cikin jaka na rataye, Baba ya dawo ya ɗauka mijina ne ya adana masa.

Da na yi shiru da bakina, wataƙila da an ɗora wa wani. Ina! Muna isa gidan biki na bi mata ɗaya bayan ɗaya ina cewa, "Ku dai jira ku ga gogen Baba yau. Ni na gyara shi da hannuna."

Aka yi fili, jama'a suka natsu, dangin ango da suka zo tun daga Gusau don jin wannan goge suka matso. Baba ya zaro shi yana ƙyalli a rana, na ɗaga kai ina duban mata. Ya ɗan yi turus, sannan ya ɗora baka ya ja. Baka ya zame sulul, ko uffan gogen bai ce ba. Ya sake ja da ƙarfi, sai wani ɗan fiii kamar numfashin mai mura. Ya kai hanci ya sansana. Ƙudaje ma sun riga shi ganewa.

"Wa yat taɓa gogen ga?" in ji shi, a hankali.

Kawuna kawai suka juyo gare ni gaba ɗaya. Na durƙusa na ja mayafi na rufe fuska, ina roƙon ƙasa ta tsage.

"Ɗiyata, mi kinka sa mashi?"

"Man shanu, Baba."

"To, madalla. Saura daddawa da gishiri, a tuƙo muna tuwo."

Wuri ya kece da dariya, aka aro masa gogen wani ya sallami biki. Amma a hanyar komawa na gan shi yana ƙwanƙwasa fatar yana sauraro, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo. Tsagiya an sake ta. Fatar da kakansa ya ɗaura da hannunsa ta sha mai ta saki, dole aka cire ta aka sa sabuwa, gogen ya ci gaba da kuka amma da wata murya. Na yi hawaye sosai, shi kuwa bai taɓa yi mini gori ba, in ban da cewa har ya rasu in ya ga na ɗauko soso sai ya ce wa jikoki, "Ku ɓoye tsofaffin gida."

Tun daga ranar, in na ga datti a gidan mutane, sai na tambayi shekarunsa kafin in ɗebo ruwa.