Rasuwar Ɓauna a Mashigin Rafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu masu cike da taɓo, iyalan gidan Baba suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motar autansu, wadda aka fi sani da Ɓauna. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, a tsakiyar mashigin rafi, kan hanyar gonar Baba da ke bisa tsauni. Shekararta biyar a duniya. Uku daga ciki a gareji ta yi su.

Marigayiya ta zo gidan nan baƙa wuluk, mai kujerun fata da ƙamshin sabunta. Ba ta da hayaniya. Idan aka rufe ƙofarta, "dum" kawai take cewa, kamar babban mutum ya yi gyaran murya. Ba ta taɓa ƙin tashi da safe ba, ba ta taɓa tsayawa da kowa a kan titi ba.

Dalilin zuwanta sananne ne. Baba yana da gona a kan tsauni, inda shi da marigayiya mahaifiyarsu suka dasa mangwaro tara, ɗaya domin kowane ɗa. Shekara goma bai taka wurin ba, domin gwiwoyinsa sun ƙi, hanyar kuma ba ta ƙaramar mota ba ce. Ga idonsa yana ja baya. Likita ya faɗa ƙarara cewa abin da Baba yake son gani, ya gan shi da wuri. Auta ya ce shi zai kai shi, amma sai an shirya motar tukuna.

Auta mutum ne da ba ya iya zama. Ko abinci a tsaye yake ci, makulli na kaɗawa a yatsarsa. Ya kai Ɓauna wurin bakanike aka ɗaga ta sama, har sai da aka ajiye wa Baba turmi a ƙofar gida don ya riƙa takawa ya shiga. Aka canza mata tayoyi masu haƙora. Aka sa mata bamba ta ƙarfe, da injin ja mai igiyar ƙarfe a goshi, da fitilu shida a ka. Aka lulluɓe cikinta ta ƙasa da farantin ƙarfe saboda duwatsu. A ƙarshe aka kafa mata dogon bututu a gefen gilashi, wanda zai riƙa shaƙo iska daga sama idan ta shiga ruwa.

Duk watan duniya Baba yakan tambaya, "Auta, an gama?" Auta yakan ce, "Saura kaɗan, Baba." Yayarsu babba ta taɓa ce masa, "Kai dai ka ce amarya kake yi wa kayan ɗaki." Bai yi dariya ba. Washegari ya ƙara wa Ɓauna tsani a baya.

A duk tsawon wannan shiri, wuri mafi wuya da marigayiya ta taɓa hawa shi ne dakalin wurin wankin mota.

Jinyarta gajeriya ce. An fita da sassafe, Auta a sitiyari, Baba a gaba da hularsa ta fita unguwa, bakanike a baya domin ko ta kwana. Aka bar kwalta. Gaskiya ita ce Ɓauna ta yi abin a yaba. Ta hau duwatsu tana gurnani, ta ratsa kwazazzabo da taya ɗaya a sama, ta kutsa ƙaya tana ji ana karce mata fenti ba ta ce komai ba. Auta ne ya riƙa cewa wayyo a madadinta. Baba ya riƙe hannun ƙofa, ya ce shi dai jakin da yake hawa a da bai taɓa girgiza shi haka ba.

Sai aka iso rafi. Ruwan sama ya sauka a daren da ya gabata, rafin ya kawo iya ƙugu. Baba ya ce a jira ya janye, awa biyu sun isa. Auta bai taɓa jiran awa biyu ba tun da aka haife shi. Ya nuna bututun da yatsa, ya sa giya. Waɗanda ke wurin sun shaida cewa a wannan lokaci bakanike ya buɗe baki, sannan ya rufe.

A tsakiyar ruwa marigayiya ta yi tari sau biyu. Ta ce "ƙwal". Ta yi "tir-tir-tir", ta yi shiru. Auta ya sake murɗa makulli, abin da daga baya aka tabbatar shi ya ƙarasa ta. Kalmarta ta ƙarshe ita ce ƙarar nan ta "ɗin-ɗin" mai tunatar da mutum ya ɗaura bel.

A kan rufinta, inda suka fake, bakanike ya yi bayani. Bututun bai taɓa haɗuwa da inji ba. Don a haɗa shi sai an huda jikin motar, shi kuwa ya ɗauki abin huji sau uku yana ajiyewa. "Ranka ya daɗe, wannan jiki? Hannuna ya ƙi. Na manna shi da gam, na ɗaure da roba. Wallahi ban taɓa zaton mai irin wannan mota zai sa ta a ruwa ba."

Auta ya dubi igiyar ja. Babu bishiya kusa da za a ɗaura ta. Ya dubi wayarsa, babu sabis. Ya zagaya rufin motar sau biyu, iyakar inda zai iya zagayawa ke nan. Baba kuwa yana zaune, ya kare ido da tafin hannu, yana kallon tsauni. Ya ce, "Ina ganin duhu-duhu can sama. Mangwarorin ne?"

Auta ya cire takalmi, ya sauka cikin ruwa, ya juya baya ya goya Baba. Nauyin Baba kilo hamsin da biyu ne. Daga rafi zuwa gona tafiyar minti arba'in ce ga marar kaya. Sun yi ta a awa ɗaya da rabi, da hutu huɗu, Baba yana nuna hanya da haɓa yana cewa a bi a hankali da ramuka. Ba a yi wa Auta wani gyara ba kafin wannan tafiya.

Baba ya ƙirga bishiya bakwai da idonsa. Biyun da ke can ƙarshen gona bai hango su ba, sai da aka kai shi ya shafa su da hannu. Ɗaya daga cikinsu ta Auta ce. Babu wanda ya yi maganar shekara ukun nan.

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi biyar masu sauran rai, fitilu shida da ba a taɓa kunnawa don wata bukata ba, tsani, turmin Baba, da bututu, wanda ya fito lafiya lau, ko ɗigon ruwa bai shiga cikinsa ba. Ta kuma bar mai ita, wanda har yau yakan tsaya a ƙofar gida ya danna makulli a aljihu, ya saurara.

Za a ɗauko gawar da tarakta ranar Asabar mai zuwa idan ruwa ya janye. Bakanike ne zai yi mata wanka, tunda shi ya fi kowa tausayin jikinta. Daga nan a wuce da ita wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa. Za a karɓi gaisuwa a gareji. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo shawarar sabon inji, an riga an ji.

Auta ba zai samu halartar jana'izar ba. Baba ya ce a sake kai shi gona ranar, kuma ya ce kada a tsaya shirya komai, abin hawan da ya kai shi wancan karon ya ishe shi.