Rasuwar Mai-Ihu, Kaset ɗin da Jan-Baki Ke Tsoro

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, Inna Hajo ta gidan marigayi Malam Badamasi a Haɗejiya, da 'ya'yanta da jikokinta, da duk mai cin tuwo daga gonarta ta fadamar Auyo, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar mai tsaron shinkafarsu, baƙon da ya zama ɗan gida, wato kaset ɗin nan da kowa ya sani da Mai-Ihu. Ya rasu ranar Talatar nan da hantsi, a bakin aikinsa, bayan wata jinya da akwai hannun mutum a cikinta. Ya tafi daidai lokacin da shinkafa ta fitar da kai, ƙwayarta na nan ruwa-ruwa kamar nono, lokacin da tsuntsun jan-baki ya fi ƙaunarta. Inna ta ce a fara da wannan, don kada wani ya ɗauka kukan wasa take yi. Abincin gidan na shekara guda ne ke tsaye a fili babu mai tsaro.

Ba a san iyayen marigayin ba, ba a san garinsu ba. Shu'ibu, babban ɗan Inna, shi ya zo da shi. An aike shi ɗauko wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, ya tarar da kaset maƙale a rediyonta. Da ya kunna a hanya, sai ya taka birki ya fito ya buɗe gaban mota, don ya zaci inji ne ya kama ciwo. Da ya gane inda ƙarar take fitowa, ya zare shi ya kawo gida ya yar a kan taga. Inna kuwa ba ta yar da komai. Wata rana ta zura shi a rikodar marigayi Malam, tana tsammanin wa'azi ne. Kafin ta janye hannu kaji sun watse, akuya ta tsinke igiya, tantabarun maƙwabta sun bar rufin ɗaki ba su dawo ba sai la'asar. Mutanen gida suka yi ta neman tsari. Inna ta tsaya tana kallon tantabarun nan, hankalinta yana gona.

Marigayin ma'aikaci ne mara ƙiwa. Ba ya neman abin kari, ba ya cewa rana ta yi zafi, ba ya tafiya sallar azahar ya zarce gidan kallon ƙwallo. A ɗora shi a rumfar tsaro, a haɗa masa batirin mota da lasifika, shi ke nan. Ga wanda bai taɓa jin muryarsa ba, Mai-Ihu yana farawa ne da gurrrrr, kamar injin markaɗe da aka zuba wa tsakuwa. Sai jita ta shigo da ƙiiiiii, irin wadda ke shiga haƙori. Sai wani Bature ya kurma ihu kamar kunama ta same shi a inda ba ya iya nunawa. Daga nan sai tsit. Wannan shirun shi ne gwanintar tasa. Jan-baki zai zaci an gama, ya sauko, ya miƙa baki ga zangarniya, sai daram-gwaram-kyaaa, fadama ta ɗauka gaba ɗaya.

Inna ta ce duk wanda ya yi tsaron shinkafa ya san tsuntsun nan ba wawa ba ne. Gwangwani da tsakuwa yana sabawa da su. Mutum-mutumi kuwa, a kansa yake hutawa bayan ya ƙoshi. Majajjawa sai ta gajiyar da kafaɗarka shi bai gaji ba. Amma bai taɓa sabawa da Mai-Ihu ba, domin shi kansa Mai-Ihu bai san abin da zai yi nan gaba ba. Inda Inna ta fi so a bayansa yake, idan aka juya shi, wurin da makaɗin yake yi kamar ya faɗo daga bene da gangunansa duka, wata mace ta tuntsire da dariya, sannan ƙarfe ya kama kuka. Nan wurin ko balbela ba ta tsayawa.

Ja'afar, jikan Inna, mai shagon tura waƙoƙi a waya a kasuwa, ya taɓa bincika asalinsa. Rubutun hannun da ke jikinsa ya riga ya goge, ya duba intanet sama da ƙasa bai ga ko inuwar masu shi ba. Ya ce irin wannan Turawa ma kiɗan hayaniya suke ce masa. Samari ne ke taruwa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa su yi abinsu, su kwafi 'yan kasakasai da hannu su raba wa abokai, daga nan su yi faɗa kowa ya kama gabansa, ko a garinsu ba a san da su ba. Inna ta ce ba mamaki, mutanensu ba sa noman shinkafa, ina za su san darajar yaran. Da Auyo suka zo, da masauki da tuwo ba su gagare su ba.

Yanzu sai maganar jinya, kuma Inna ta ce kada a tausasa ko kalma ɗaya, don za ta sa wani dabam ya karanta mata.

Inuwa, wanda gonarsa ke iyaka da tata, shi ne shekarar farko ya kai ƙara wurin mai unguwa cewa Hajo ta ɗauko aljanu ƙwadago. Shekara ta biyu kuma shi ne ya matso da dashensa har jikin kunyarta. Tun daga nan duk ihun da iska ta kwasa ta yi gabas, gonarsa yake tsarewa, bai taɓa cewa sannu da batir ba. Inna kuwa ba ta manta ba. Ya sha zuwa aro, tana ce masa kaset ba ya kwana a waje. Makon jiya ta tafi bikin suna garin Malam Madori, sai ya lallaɓo wurin Shamsiyya matar Shu'ibu, ya yi ta kiranta 'yata, yana cewa yini ɗaya kacal, ɗaya gonar tasa ta hayin kogi tsuntsu ya kusa gamawa da ita. Shamsiyya mai taushin zuciya ce, ta ba shi.

Ya sa marigayin a aljihun gaba ya shiga kwalekwale. Wurin sauka ya sunkuya ɗaure igiya, kaset ya faɗa kogi. Ya tsamo shi, wannan an yaba. Da ya kawo shi a jiƙe ya faɗi gaskiya, da an shanya shi a inuwa ya tashi. Amma Inuwa ɗan masunta ne, a wurinsa duk abin da ya fito daga ruwa banda ce maganinsa. Ya ɗora Mai-Ihu a kan bandar kifi, tsakanin tarwaɗa da karfasa, ya ƙara itace. Da yamma ya goge shi da gefen riga ya mayar, har yana cewa ya yi aiki lafiya.

Tun daga zaure Inna ta ji ƙauri. Ta shinshina kaset, ta dubi Shamsiyya, Shamsiyya ta dubi ƙasa. Washegari da aka kunna shi a gona, Baturen nan da ke tsaga fadama ya koma muuuu, kamar bijimin da ya yini yana huɗa. Ihu ya zama hamma. Jan-baki uku suka zo suka zauna a kan lasifika suna gyara gashi. Inna ta ce a rayuwarta ba a taɓa yi mata cin fuska irin wannan ba.

An garzaya da shi wurin Ya'u mai gyaran rediyo. Ya kwance shi, ya yanke inda zaren ya ƙanƙance, ya haɗa da jan-farce, ya naɗe shi a hankali da biro. Ya ce a lallaɓa shi, kuma ko da wasa kada a juya bayansa, nan wutar ta fi ci. Ya ɗan farfaɗo, yana aiki da rabin murya. Ranar Talata garken jan-baki ya taso daga cikin kacalla, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa inda suke kwana, baƙi ƙirin kamar hayaƙin gobara, ya nufo gonar kai tsaye. Rabin murya ba ta tare shi ba. Inna ta juya kaset, kuma ta ce ko gobe haka za ta yi. Makaɗi ya faɗo daga benensa, matar ta yi dariyarta, Bature ya saki ihu ɗaya da muryarsa ta da, garken nan ya karye biyu ya koma. Sai aka ji ƙurrr, cak. Rikoda ta tauna shi. Da aka buɗe, zarensa duk a waje.

Akwai mai laifi na biyu, kuma jininta ne, don haka Inna ta ce a ambace shi da kyau. Tun Ja'afar bai fara gemu ba take ce masa ya kwafe muryar nan ya adana a waya. Kullum sai gobe, Inna. Mutumin da ke cika wayoyin rabin Haɗejiya da waƙa bai samu sararin kwafe abin da ke ciyar da shi ba. Yanzu kunya ta sa ya kwaso waɗansu 'yan'uwan marigayin daga intanet, ya ce duk kiɗan hayaniya ne, a gwada. An gwada. Na farko akwai daɗi a cikinsa, ga amshi, tsuntsu yana ci yana rausaya. Na biyu ƙara kam akwai, amma makaɗin mai ladabi ne, bugu ɗaya yake bi, kafin azahar jan-baki ya haddace shi. Na uku, waɗansu 'yan Jafan, sun iya ihu, Inna ba ta hana su haƙƙinsu ba, sai dai ba su san shiru ba, tsuntsu kuwa idan ba ka bar shi ya saki jiki ba, ba ka razana shi. Ta ce a bar su su riƙa taya aiki, amma ba magada ba ne.

Marigayin ya rasu ya bar rikoda ɗaya, abokiyar zamansa, wadda Inna ba ta yi mata magana tun ranar Talata. Ya bar lasifika da batir suna zaune ba sana'a, da biron da ake naɗe shi, da kwalin da ake ajiye shi mai tsaga a gefe. Ya bar shinkafa marainiya. Iyalin suna roƙon duk mai tsohuwar mota 'yar Kwatano, da masu buɗe dilar gwanjo, su riƙa laluba aljihu da ƙarƙashin kujera. In an samu kaset da babu mai iya jurewa, wanda aka kunna yara suka fashe da kuka akuya ta nemi hanya, a kawo shi gidan Malam Badamasi. Mai daɗi kuwa a riƙe abinsa.

Game da jana'iza, ba za a yi masa wanka ba, ruwan da ya sha ya isa. Ba za a turara shi ba, Inuwa ya riga ya yi. Ba kuma za a binne shi ba. Gobe Alhamis da sassafe za a warware zarensa, a ɗaura shi a kan karare daga wannan kunya zuwa waccan, ya riƙa walƙiya yana yin fito idan iska ta kaɗa, ya ƙarasa aikin da ya fara gwargwadon iko.

Zaman makoki a gona za a yi shi, ba a gida ba, kullum daga fitowar rana har tsuntsu ya koma kacalla, kuma ba a tashi sai an yanke shinkafa. Kowa ya zo da gwangwaninsa. An keɓe wa Ja'afar rumfar tsaro, ya zo da 'yan Jafan ɗinsa, ya tsaya a kansu yana kashewa yana kunnawa, tun da su ba su iya yin shiru da kansu ba. Shamsiyya za ta riƙe igiyar kaɗa gwangwanaye ta ɓangaren yamma. Shi kuwa Inuwa, a matsayinsa na wanda ya fi kowa cin moriyar marigayin, an ba shi wurin girma, can ƙarshen gona cikin laka, bakin kacalla, inda garke ke fara tasowa. In wani uzuri ya hana shi, Inna ta ce ba komai, ya dai tuna injin ban-ruwan da ke ba gonakin biyu ruwa nata ne, rani kuma yana tafe.

Ba a karɓar gaisuwa a waya, ba a karɓar ta a zaure. Duk mai kukan rashin Mai-Ihu ya riƙe abinsa kada ya ɓarnatar a hanya, sai ya iso gona, ya fuskanci gabas, ya sake shi da ƙarfi.