Agong Ya Yanka Faifai a Karkace

"Sannu da zuwa, mai haƙoran aro! Yau kuma me ka kashe?"

Pei-shan ke nan take tarbar kakanta daga bayan teburin shagonta na gyaran kwamfuta a Taipei. Agong Chin-fa, wato Kaka Chin-fa a yarensu, ya dire jaka yana haki. A zamaninsa gwanin sana'ar ne, kuma har yau ba wanda ya isa ya gaya masa zamanin ya wuce. Amma yau abin ya gagare shi. Tsohon faifan kwamfutar da ke ɗauke da muryar matarsa, marigayiya Ama, ya fara ƙas-ƙas ɗin mutuwa, sabon da yake kwafe muryar a kai kuwa sai jan ciki yake.

"Kunkuru kika sayar min, ɓarauniya! Tun jiya yake kwafa, ko rabi bai kai ba."

"Kunkuru dai ya sayi ɗan'uwansa. Da za ka raba shi don ajiya, daga ina ka fara yanka shi?"

"Daga gurbin ajiya na sittin da uku mana. Tun uwarki na zanin goyo daga nan nake farawa."

"Agong, in kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take. Faifan yanzu gurbinsa ɗaya ya haɗiye takwas na zamaninku. Ka fara a tsakiyar gurbi, kowane kaya ƙafa ɗaya a wannan ɗaki, ɗaya a wancan. Kafin ya ajiye abu guda sai ya kwashe ɗaki biyu ya mayar."

"Ji ƙwai zai koya wa kaza wayo! Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Da wannan tabarau? Rimin ma sai an nuna maka. Goge sabon zan yi, in yanka daidai kan iyaka, mu sake daga farko."

Agong ya dafe tsohon faifan.

"In ya mutu a hanya fa? Ba ni da ita a ko'ina, Pei-shan. Gidan nan ya yi min shiru da yawa."

Ita ma kewar Ama ta taso mata, ta haɗiye. "A tafiyar kunkurunka ne zai mutu a hanya. Ɗauke hannu, tsoho."

Da ƙyar ya ɗauke. Ta sake yankan, kwafi ya kama gudu, tsohon faifai na tari, su biyun sun zuba masa ido, har dai ya sauke kayansa kaf. Pei-shan ta kunna sautin farko da aka kwafo. Sai ga ƙarar mai a kasko, sai ga muryar Ama tar:

"Chin-fa! Ka sake kafa min kantar nan a karkace. Kai dai ba ka taɓa daidaita komai ba!"

"To, ka ji shaida," in ji Pei-shan.

Agong ya fashe da dariya, hawaye na bin kumatunsa. Ya zaro ƙullin shinkafa a ganyen gora, da sauran ɗuminsa, ya tura mata.

"Ungo, ɓarauniya, ku biyu kun fi ƙarfina. Sake kunna min ita ta yi min faɗa."