Ranar da Na Hau Katangar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kulle kakar matata a ɗaki da ɗan yatsa guda, ni kuma ina tsaye a titi.

Surukina, Alhaji, ɗan kasuwar hatsi ne a Dakoro. Da ya gama sabon gidansa, babban ɗansa ya zo daga Yamai ya haɗa masa komai: fitilu, fankoki, kilim mai sanyaya ɗaki, makullan ƙofofi, har da kamara ciki da waje. Duk ana juya su daga wayar Alhaji, ko daga wata tabulet da ke zama a falo. Ni kuwa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kuma a dangin matata duk abin da ya zo da rubutun Faransanci ni ake miƙa wa. (Ban taɓa mayar da ko ɗaya ba, ko na gane ko ban gane ba.)

Ranar kasuwa ce, tsakiyar bazara. Matan gidan duk sun tafi bikin suna a garin Rumbu, har da matata. Alhaji zai je kasuwar dabbobi duba raguna. Saura Inna, mahaifiyarsa, tsohuwa mai hawan jini da sarƙewar numfashi, wadda likita ya ce kada a kuskura zafi ya rufe ta a ɗaki. Tana kwance, kilim na hura mata. Alhaji ya buɗe tabulet ɗin ya miƙo mini, ya tambaye ni ko na san kanta. Na sunkuyar da kai na ce ai abu ne mai sauƙi, alhali ko sau ɗaya ban taɓa riƙe ta ba.

Bayan fitarsa na ga an bar babbar ƙofa a buɗe, awaki na leƙowa. Maimakon in tura ta da hannu kamar kowa, sai na fita waje da tabulet, don maƙwabta su ga yadda 'yan boko ke rufe ƙofa. (Ko mutum ɗaya babu a layin.) Na ga hoton gida da makulli a jikinsa, na danna. Ƙofa ta ja a hankali ta rufe, na ji kaina ya yi girma. Sai na ji ƙas, ƙas, ƙas daga ciki, ɗaya bayan ɗaya, sannan gurnanin kilim ya ɗauke. Ashe maɓallin ranar tafiya ne, mai kulle kowace ƙofa ya kashe komai. Ina lalube in mayar, fuskar tabulet ta yi baƙi. Da na taɓa ta sai ta nemi lambar sirri.

Na gwada lambobi uku, ta ce in jira minti biyar. Ɗakin Inna tagar gilashi gare shi, rufin kwano, rana kuma tana tsakiyar kai. Na buga ƙofar da hannu biyu ina kiran Inna, shiru. Na kasa kunne ko zan ji tarinta, shiru. Wallahi a raina har na fara ganin mutane zaune a kan tabarmi, ana nuna ni da baki ana cewa ga wanda aka bar wa amanarta. Na ciro wayata, ga lambar Alhaji a gabana, amma yatsan da ya yi saurin danna maɓalli ɗazu ya ƙi danna wannan. Na mayar da ita aljihu, na dubi katanga.

Na cire takalma, na naɗe babbar riga a ƙugu, na taka icen bedi, wato dogon yaro, da ke jikin gidan. Ina kaiwa sama wani ƙarfe ya kama wandona ya farka shi har cinya. Ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje, sai na ji an tsaya a ƙasana. Makiyaya biyu ne masu wucewa kasuwa, kowa da sandarsa a kafaɗa.

"Kai, mi kake biɗa a gidan mutane da rana tsaka?" in ji babbansu.

Na san ranar kasuwa in aka kira ɓarawo, sai an gama da mutum ake tambayar sunansa. Ƙaramin ya riga ya sauke sandarsa, yana waigen wanda zai kira.

Sai wata murya ta fito daga kamarar da ke kan ƙofa, a natse: "Ku ƙyale shi, mijin ɗiyata ne." Muryar Alhaji ce, sai ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal a nan: "Mushe, lahiya?"

Da ƙyar na ce, "Baba, Inna ce. Na kulle ta, kilim ya mutu."

Ƙas, ƙas, ƙas, makullai suka buɗe, kilim ya tashi, babbar ƙofa ta ja baya. Sai a lokacin na iya duban cikin gida. Ga Inna zaune a inuwar baranda da maficinta, tana kallona daga sama har ƙasa. Ta ce da ta ji sanyi ya ɗauke sai ta murɗa hannun ƙofa ta fito, don daga ciki ba ta kulluwa. Ta ji bugu, amma da yake kunnenta ya yi nauyi, ta ɗauka awaki ne. Sannan ta ce in sauko a hankali, in kuma sauke rigata tukuna.

Da yamma na je gaishe da Alhaji, kaina a ƙasa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce tun lambar farko da na sa ba daidai ba wayarsa ta sanar da shi, ya duba ya ga Inna lafiya lau a baranda, ya gan ni kuma ina riƙe da waya.

"Na zamna ina jiran kiranka," ya ce. "Sai na ga kana cire takalma."

Tun daga ranar na gane cewa kunyar da mutum ya ƙi ji a waya tana nan tana jiransa a kan katanga, kuma can da 'yan kallo.